Takunkumin da Na Ɗinka Ba Ya Tare Maganin Feshi

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar tallafin manoman rani da ke aiki a yankin Wurno, Rabah da Goronyo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyalinka da duk waɗanda ke ƙarƙashinka. Ina fatan wasiƙar ga ta iske ka lahiya.

Sunana Kulu, a garinmu ana ce mini Inna Kulu. Ina ɗinki a cikin gida, kuma matan unguwa na zuwa wurina da hantsi muna bitar karatu da hukunce-hukuncen tsarki da salla. Ba ka san ni ba, amma ka san aikin hannuna, don koren takunkumin nan na yadi mai tambarin ƙungiyarku a gefe, ni ce na shugabanci matan da sunka ɗinka shi a ɓangarenmu.

Ban so a ce maganar ga ta fito fili ba. Na aika maka saƙo ta bakin jami'inku da ke zuwa fadama. Na sake aikawa ta hannun maigari. Daga baya na sa mayafi na shiga mota na zo ofishinku da kaina, anka ce ka yi tafiya, anka ba ni ruwa na sha, na koma gida. Har yau ban ji komi ba. Ba zan ambaci sunan ƙungiyarku ba, ba kuma zan ambaci sunan jami'in ba, don ba tozarta wani na fito yi ba. Duk wanda ke da koren takunkumin a gidanshi ya san da wa nake.

Na ɗaya: yadda abin ya faro.

A shekarar da korona ta shigo, kun aiko mana da wata malama da yadi da zare da roba. Mace ce mai natsuwa, Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Ta zauna da mu a tsakar gidana ta koya mana yankan da ninkin, ninki uku, da yadda za a sa shi ya rufe hanci har haɓa. Ba ɗinki kaɗai ta koya mana ba. Ta ce a wanke shi da sabulu kullum, a shanya a rana. Ta ce kada mutum biyu su yi tarayya a guda. Ta ce kada a ɗaura wa jinjiri. Ta ce idan ya jiƙe a cire, jiƙaƙƙe ba ya aiki. Ta kuma faɗa mana iyakarshi: yana rage abin da ke fita daga bakin mai tari zuwa ga na kusa da shi, ba wai yana hana komi da komi shiga ba.

Na riƙe maganarta kamar yadda nake riƙe karatu. Duk wanda wata ta ɗinka sai ya biyo ta hannuna, in ɗaga shi ga haske in duba. Wanda na ga ninki biyu ne, ko bakin ya saki, sai in mayar a warware. Har matan sunka riƙa yi mini tsiya, Luba maƙwabciyata tana cewa ko likkafani ba a yi mashi wannan binciken. Kun biya mu haƙƙinmu cif, ba na bin ku ko sisi, na faɗi haka tun yanzu don kada wani ya ce kuɗi nake nema.

Kuma takunkumin ya yi amfani a inda anka yi shi domin shi. Masu tari sun sa. Matan da ke sheƙa da casar shinkafa sun ce ƙaiƙayi ya rage shigar masu hanci. Saboda yadda nake bincike, mutane sunka daina ce mashi na ƙungiya, sai dai ka ji an ce "na Inna Kulu". Idan an ce na Inna Kulu ne, an gama magana, ba mai sake dubawa. A lokacin na ji daɗin haka.

Na biyu: abin da kunka yi da ragowar.

Cuta ta lafa, kowa ya aje takunkumi, buhunan da ba a raba ba sunka zauna a sitonku. Da kunka juya ga tallafin noman rani, kun kawo iri da taki da maganin ƙwari da injin feshi na goyo. A wuyan kowane inji kun rataya koren takunkumi guda. An yi rabon a ƙofar gidan maigari. Ban je ba, ba wurin mata ba ne, amma maigidana Malam ya je, kuma mutane da yawa sun maimaita mini magana ɗaya: jami'inku ya ɗaga takunkumin sama ya ce ga kariya nan an haɗa maku, kowa ya ɗaura in zai yi feshi.

Malam ya shigo gida da injin a baya yana murmushi. Ya ce mini ashe ni ma na shiga noman rani bai sani ba, to bana sai a raba amfanin gona da ni.

Ranka shi daɗe, bari in gaya maka yadda mazanmu ke feshi kafin zuwan wanga takunkumi, don ina jin ba a taɓa gaya maka ba. Tsoron maganin suke. Da sassafe suke fita, kafin iska ta tashi. Mutum zai tsinki ciyawa ya saki ya ga inda ta nufa, sannan ya ba iska baya. Wajen haɗa maganin yana kau da kai, hannu a miƙe. Wani ya naɗe baki da gefen rawani, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar rawani kariya, warin na shiga yana ji, da ya yi yawa sai ya aje injin ya koma gindin itace. In sun gama su yi wanka tun a fadama, su sayi nono su sha. An gaya mini daga baya nonon ba ya kashe dafin komi. Na yarda. Amma tsoron nan yana aiki, shi ke tsare su.

Takunkuminku bai tare maganin ba, tsoron ya cire. Mutum ya ga abu mai tambari, daga hannun masu ilimi, ɗinkin Inna Kulu, an kuma ce mashi kariya ce a gaban maigari. Sai aka fara feshi da rana tsaka. Aka daina duba iska. Mai haɗa magani ya sunkuya har fuskarshi na bakin injin.

Hankalina bai kwanta ba. Ranar da jami'inku ya shigo zauren gidanmu zai ɗauki hoton kekunan ɗinki, na tsaya daga bayan labule na tambaye shi ko yadin nan na iya tare maganin feshi, don malamar da ta koya mana ba ta ambaci haka ba. Ga amsar da ya ba ni, ban ƙara ba ban rage ba: "Haba Inna, abin da ya tare korona da ido ba ya gani, mi zai hana shi tare magani da kowa ke gani?" Ya yi dariya, mutanen da ke zaune a zauren sunka yi dariya. Ni ban yi boko ba. Shi kunka aiko a matsayin wanda ya sani. Da bai sani ba, abin da ya kamace shi shi ne ya ce bai sani ba, zai tambayo. Haka anka koya mana a makarantar allo, kuma ban ji an ce a boko akwai wata ƙa'ida daban ba.

Na uku: azumi.

Azumi ya kama cikin tsananin zafi, kuma a daidai lokacin tsutsa ta faɗa wa shinkafa. Dole a yi feshi. Ka san al'adar mai aikin fadama in rana ta yi zafi: ya tsoma hula ko rawani a ruwan kanal ya mayar a kai. To haka sunka yi wa takunkumin. Mutum na azumi, leɓe ya bushe, maƙogwaro kamar an zuba toka, sai ya tsoma takunkumi a ruwa ya ɗaura. Sanyi ya sauka a baki, numfashi ya yi daɗi. Ya bushe, ya sake tsomawa. Cikin 'yan kwanaki duk fadamar ta ɗauka.

Ka san mi garinmu ya shiga tattaunawa a kai? Ko jiƙaƙƙen takunkumi na karya azumi. Mata sunka riƙa shigowa wurina, mazansu sun aiko su. Na faɗi abin da na sani, cewa damshi a leɓe ba ya karya azumi muddin ruwa bai wuce maƙogwaro ba, na kuma ce a je wurin liman a tabbatar. An je. An yi ta muhawara a bakin masallaci, wasu na cewa makaruhi ne, wasu na cewa ba komi. Gari guda ya tsaya a kan ɗigon ruwa, ba wanda ya tambayi abin da ke sauka a kan yadin daga bakin injin. Ba laifinsu ba ne. Wannan tambayar an riga an amsa masu ita a ƙofar maigari.

Ni na tuna maganar malamarmu, na ce wa Malam an ce jiƙaƙƙe ba ya aiki. Ya ce ai wannan dokar korona ce, korona kuwa ta tahi. Ya ƙara da cewa jami'in na fadama kullum, yana ganinsu, da akwai matsala da ya faɗa. Kuma gaskiya ne yana ganinsu. Buhari, ƙanen Malam, ya shaida mini cewa jami'in ya tsaya a kan kunyar gona yana kallonsu suna tsomawa, ya ce masu kun ji daɗinku, kun sa bakinku a firji.

Na huɗu: ranar da anka kawo mini shi.

Bayan azahar ne, ina tankaɗen garin kunu. Na ji babur ya tsaya a ƙofa, na ji Buhari na kiran sunana da wata irin murya. Su biyu sunka shigo da Malam a riƙe. Rigarshi sharkaf da gumi, yawu na zuba daga bakinshi ba ya iya tsai da shi, naman fuskarshi na rawa. Ya yi amai a tsakar gida. Na duba idonshi na ga baƙin ya ƙanƙance kamar kan allura. Numfashinshi na ƙara, irin ƙarar tukunya in ta fara tafasa. Takunkumin na rataye a wuyanshi, har lokacin da damshi, warin magani na tashi daga gare shi har ya cika gidan.

Buhari ya ce tun a fadama sunka nemo nono za su ɗura mashi, ya datse haƙora, yana nuna rana da yatsa. Mutumin da ke cikin wannan hali bai yarda ya karya azuminshi ba. Irin mutanen da kunka ce wa ga kariya nan ke nan. In an gaya masu abu sun riƙe, riƙon gaske suke yi.

A asibiti sun yi ƙoƙari, Allah ya biya su. Sun tuɓe mashi kaya, sun wanke mashi jiki, sun yi ta allura. Da abin ya ɗan lafa, likitan ya ɗauki takunkumin da bakin almakashi, bai yarda ya taɓa shi da hannu ba, ya jefa a leda ya ƙulle. Ya ce yadi ba ya tare wannan maganin ko a bushe yake. In kuwa ya jiƙe, tara shi yake yi, ya riƙe shi a kan baki da hanci, mutum ya wuni yana shaƙa yana lasa. Ya ce na feshi daban ne, na roba ne mai matatar iska a gefe, kuma ko shi sai an haɗa da safar hannu da doguwar riga. Sannan ya juyo ya tambaya, cikin faɗa, wane ne ya ba tsohon nan wannan tsumman ya yi feshi da shi.

Buhari ya sunkuyar da kai. Ta cikin ledar ina ganin ɗinkin bakin, layi biyu a jere, yadda ba wadda ke yi sai ni. Na ce ni na ɗinka.

Ina tsoron Allah, ba zan ɗora maku abin da ba naku ba. Likitan ya ce maganin na shiga ta fata ma, kuma feshi da rana tsaka cikin iska haɗari ne ko da mi mutum ya ɗaura. Malam ya yi feshi da rana, ya fuskanci iska, wannan ya faru. Ba zan iya rantsewa cewa da ba takunkumin da ba abin da zai same shi ba. Amma mutumin nan ya yi shekaru yana feshi da asuba da tsoro, bai taɓa kwana asibiti ba. Abu ɗaya ne ya canza a gonarshi a waccan shekarar, kuma daga hannunku ya fito.

Na biyar: yadda yake yanzu.

Ya rayu, alhamdu lillahi. An ce aman da ya yi ya koma mashi huhu, ya yi jinya mai tsawo, kuma ƙirjin bai koma daidai ba. Malam shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun kafin a kawo lasifika. Daga can bakin fadama ana jin shi. Da ya samu sauƙi ya ce zai gwada. Ya fara, ya kai tsakiya, numfashi ya yanke, sai wani ya karɓa ya ƙarasa. Ina daga cikin gida ina ji. Bai sake gwadawa ba, bai kuma taɓa ta da maganar ba. Yanzu in zai tahi masallaci sai ya huta a dakalin Luba, ya yi kamar gaisuwa ya tsaya yi. Gona ta koma hannun Buhari, ga tashi ga ta yayanshi.

Ba zan kawo maka adadin waɗanda abin ya taɓa ba, don ban ƙirga ba, kuma ba na faɗin abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne, bayan labarin Malam ya bazu, mata sun riƙa raɗa mini cewa nasu mazan ma sun sha dawowa daga feshi da jiri da amai da ciwon kai, ana cewa wahalar azumi ce.

Na shida: abin da kunka yi da kunka ji.

Jami'inku ya zo dubiya da gwangwanin madara da sukari. Na gode, an sha. Ya zauna a gaban Malam ya ce ƙaddara ce. Ya ce ai an rubuta gargaɗi a jikin kwalbar maganin. Na ɗauko kwalbar na duba, rubutun Turanci ne ƙanana kamar ƙwan tururuwa, a garin da mafi yawan manoma ajami suke karantawa. Da zai fita ya rage murya ya ce mini, Inna a yi haƙuri a bar maganar nan a cikin gida, in ta kai kunnen masu ba da tallafi za su janye, gari duka ya yi asara.

Ranka shi daɗe, ba sai an koya mini imani da ƙaddara ba, shi nake karantar da mata. Na yarda abin da ya samu Malam rubutacce ne. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce ƙaddara na sauke wa mai amana tambaya ba. Wanda anka ba jagorancin mutane ya ce masu bi nan, sunka bi sunka faɗa rami, ba ya tsayawa a bakin ramin ya ce masu ƙaddara ce, sannan ya kira na baya ya nuna masu hanya ɗaya.

Maganar janye tallafin nan kuwa ba a kunnena kaɗai ya faɗe ta ba. Ta zaga gari. Yanzu ina tsakanin mutane iri biyu. Akwai masu cewa takunkumin Inna Kulu ne ya kusa kashe mijinta. Akwai masu cewa Inna Kulu na son ta toshe wa gari hanyar taki saboda abin da ya samu gidanta. Dattawa sun aiko a ba ni haƙuri, kamar ni ce na yi laifi. Wasu matan sun daina zuwa karatu, ba su ce komi ba, tabarmarsu ce kawai ba a shimfiɗawa. Wata da muka tashi tare ta ce mini, Kulu, naki ya riga ya faru, ki bar namu su samu taki. Mijinta na cikin masu feshi.

Kun ɗauki sunan da na yi shekaru ina tsarewa kun rataya shi a wuyan injin feshi, ba ku tambaye ni ba. Da abin ya ɓaci, sunana ne a bakin mutane, naku yana ofis.

Na bakwai, kuma shi ne dalilin rubutun.

Ruwa ya janye daga fadama, an fara gyaran fangali, kuma an sanar cewa za ku sake rabo. Na tambaya, an tabbatar mini buhunan koren takunkumi na nan, kuma da su za a haɗa kamar wancan karon. Har an aiko mini cewa in tara matan ɗinki mu zo a ɗauke mu hoto, don a nuna yadda mata ke taimakon noma.

Buhari zai karɓi inji bana. Shi ya ɗauko yayanshi daga fadama, ya ga komi da idonshi, amma da na ce mashi kada ya ɗaura, sai ya ce mini, "Yaya, in sun sake bayarwa ai sun bincika ke nan. Kuma ko ba komi ya fi babu." Ka ji inda maganarku ta kai. Ni matar yayanshi ce, ni na ɗinka abin, ina ce mashi ba ya aiki, amma shirunku ya fi maganata ƙarfi a wurinshi. Buhari ne ke ciyar da gida biyu yanzu. In ya faɗi, ban san wanda zai ɗauko shi ba.

Na bi gida-gida a unguwarmu na karɓo takunkuman da na iya karɓowa. Wasu sun ba ni, wasu sun ce sun ɓata, na kuwa san suna aljihun rigar gona. Ƙafata ba ta kai garin Rara ba, ba ta kai ƙauyukan bayan madatsa ba, kuma ko ta kai, ba ni ce na ce kariya ce ba. Bakin da ya faɗa shi ke iya janyewa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Kada ku sake haɗa takunkumin yadi da injin feshi, ko guda ɗaya.

Jami'in da ya ɗaga shi a ƙofar maigari ya koma wurin, ya sake ɗaga shi, ya ce wannan ba na feshi ba ne, a bushe ko a jiƙe, kuma abin da na faɗa a baya kuskure ne. Ba na neman a kore shi, yana da iyali, kuma ina jin shi ma abin da anka miƙa mashi ya miƙa. Kalmar kawai nake so ya mayar. A sa mai shela ya zaga da ita ranar kasuwa, a roƙi limamai su faɗa bayan sallar Juma'a, a faɗa da Hausa a faɗa da Fulatanci, a duk garin da kunka yi rabo.

In kuna da halin kawo na roba mai matata da safar hannu, ku kawo, ku nuna yadda ake amfani da su. In ba ku da hali, ku ce ba mu da hali. Ba abin kunya ba ne. Ku bar mazanmu su koma ga fitar asuba da duba iska, sun fi tsira a haka.

Ragowar buhunan kada a ƙone su, ba su yi laifi ba. A ba mata masu sheƙa da casa, a ba masu tari da masu jinyarsu, tare da bayanin wanki da shanya. In malamar da ta koya mana na nan, ita za ku aiko, don ita ce ta gaya mana iyakar abin tun farko.

Kuma ku gaya wa mutanen garinmu da bakinku cewa faɗin gaskiyar ga ba zai hana su taki ba. In kuwa zai hana, to ku faɗa mana, mu san irin tallafin da muke karɓa.

Hoto dai ba zan zo ba, matan ɗinki ma na gaya masu dalilina, kowacce ta yi abin da ta ga ya fi mata. Amma in ranar rabo ta zo ba a yi shelar nan ba, za ku gan mu. Ba shawarata ba ce, ta Malam ce. Da na karanta mashi abin da na rubuta, ya saurara har ƙarshe, ya ce a ƙara cewa a kai shi wurin. Na ce mi za ka ce masu, kai da ba ka iya doguwar magana? Ya ce ba zai ce komi ba. Za a shimfiɗa mashi tabarma a bakin ƙofar da ake fitowa da inji, duk wanda ya fito zai miƙa mashi hannu su gaisa, ya tambaye shi gida, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi aiki, kamar yadda aka saba. Ba mai wuce dattijo bai tsaya ba. Kafin gaisuwar ta ƙare, mutum ya ji ƙirjin da kunnenshi. Ni kuma zan zauna daga bayanshi da ruwa a buta, ban taɓa zama a taron maza ba, bana zan zauna.

Ina roƙonka kada ka bari ta kai ga haka. Tafiyar na yi mashi nisa.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya, ya tsare ƙirjinka da na 'ya'yanka daga abin da muke ji a gidanmu. Allah ya ba manomanmu damina da rani masu albarka, ya mayar da kowa gida da ƙafarshi. In na faɗi abin da ba daidai ba a cikin wagga takarda, Allah ya yafe mini, kai ma ka nuna mini wurin in gyara a fili kamar yadda na faɗa a fili.

Wassalam.

Inna Kulu mai ɗinki,
daga wani gari a bakin fadama, tsakanin Wurno da Goronyo.